Ba sace mu aka yi ba: godiya ga mutanen fadama da duk wanda hankalinsa ya tashi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ni da ƙanena da abokin aikina muna gida Birnin Kebbi lafiya ƙalau, ko ƙwarzane babu a jikin kowa. Saƙon muryar nan da ya riƙa yawo a WhatsApp tun daren Asabar, wai 'yan bindiga sun ɗauke wasu malamai a bayan Argungu, mu ake nufi, amma ba haka aka yi ba. Don Allah duk wanda ya tura wancan ya tura wannan ma. An tsare mu kam, sai dai mutanen gari ne suka tsare mu, kuma su ne na zauna in yi wa godiya. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ba zan kama sunan kowa ba. Maigari ne ya nemi haka, kuma kowa ya san halin da ake ciki.

Tambayar da aka fi yi mini a waya ita ce: me ya kai malamin makaranta gindin itace a gonar mutane? Bari in amsa wa kowa a nan. Akwai wani wasa na neman ɓoyayyar ajiya da ake yi a duniya, sunan manhajarsa Geocaching. Mutum zai samu 'yar roba mai murfi, ya sa ɗan littafi da biro da 'yan tarkace marasa tsada, ya ɓoye ta a wurin da yake so jama'a su je su gani, sannan ya saka lambobin taswirar wurin a intanet. Kai kuma ka bi lambobin da wayarka. In ka dace ka rubuta sunanka da kwanan wata, ka mayar da ita yadda ka tarar. In ka ɗauki abu a ciki ka ajiye wanda ya kai shi ko ya fi shi. Ba a sa abinci, ba a haƙa rami a binne, ba a ajiyewa a filin mutum sai da izininsa. An fara ne a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina rage wa farar hula ingancin GPS da gangan, wato tsarin taurarin ɗan'adam da ke nuna wa na'ura inda take. Kafin nan na'ura kan iya kuskure wuri da mita 100. Ranar 3 ga watan wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a jihar Oregon don ya ga ko za a gano shi, har da gwangwanin wake a ciki. Yau irin waɗannan ajiyoyi sun haura miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190, amma a Najeriya ba su da yawa, a yankinmu kuwa sai an tona.

Ni labarin ƙasa nake koyarwa. Na daɗe ina zana wa yara layukan taswira a allo ba tare da sun ga amfaninsu a ƙasa ba. Shi ya sa da wani tsohon abokina, mai aikin safiyo, ya ce ya ɓoye guda a ƙauyen kakanninsa, na ƙudurta sai na je na gani da idona kafin in kai ɗalibai. Ana auna wahalar ajiya da taurari daga 1 zuwa 5, shi 4 ya ba tasa. Satar amsar da ya bari ita ce: "Mai tuɓe riga da damina ne ke riƙe da ni, masu gidan kuwa sun tashi."

Muka ajiye mota a Argungu kusa da gidan tarihi na Kanta, muka hau kabu-kabu zuwa bakin gulbi, muka shiga jirgi. Ruwa ya fara ja da baya, ana ta yankan shinkafa, yara na ihu suna kaɗa gwangwani don korar jan-baki. Gonar da lambobin suka nuna kafin gari take in ka fito daga gulbi. Rabin farko na kacici-kacicin bai ba mu wuya ba, don duk ɗan ƙauye ya san gawo ne ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Matsalar ita ce gawo uku ne a wurin, kusa da juna, kuma wayar hannu ko a fili take tana iya kuskurewa da mita 5, balle a ƙarƙashin itace. Kibiya ta ce saura mita 8, ka taka biyu ta ce saura 12, ka juya ta juya. Muka bi saiwa ɗaya bayan ɗaya. Muka zura sanda a kowane kogo, don ba mai sa hannu a ramin da bai san mai shi ba, ga kunama ga kububuwa. Akwai wani tsohon suri a gefe da gara ta bari, abokin aikina ya rantse shi ne gidan da masu shi suka tashi, ya kewaye shi har ya gaji. Ƙayar gawo ta huda takalmin ƙanena. Tun hantsi muke abu ɗaya har rana ta take tsaka.

Mata masu kai abinci gona sun wuce mu, mun gaisa. Da suka dawo ba su amsa gaisuwa ba. Can sai ga samari sun ɓullo ta cikin dawa, da sanduna da adduna, wasu da laujen da suke yanka da shi, 'yan banga na biye.

"Mi kuka biɗa ga gonar mutane? Wa ya aiko ku? Ku aje wayoyinku!"

Godiyata ta farko, bayan ta Allah, ga dattijon nan ne shugaban 'yan banga. Lokacin har wani yaro ya ɗaga sanda a kan ƙanena, kowa na magana ba mai jin wani. Dattijon ya shiga tsakani ya ba mu baya, ya fuskanci nasa. Ya ce, "Kowa shi sauke sanda. Ba a bugun mutum ba a ji ta bakinai ba. Mu tahi wurin Maigari." Ya karɓi wayoyinmu ya zuba a aljihunsa, ya sa mu a gaba, shi yana tafe dab da mu har cikin gari. Baba, ban san abin da zan biya ka da shi ba. Allah ya tsare ka yadda ka tsare mu, ya tsare maka zuri'a.

Sai Maigari, Allah ya ja zamaninsa. Kafin ya tambaye mu ko sunanmu sai da ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Ya ce, "Ku zamna, ɗiyana. Kun yi azahar?" Muka ce a'a. Ya sa aka ba mu buta. Bayan mun sallame ya ce to, yana ji. Na yi bayani iyakar iyawata, ni kaina ina jin yadda maganar ke fita ba ta da ƙafa. Ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "Wato kun baro Birnin Kabi, kun biya mai, kun biya jirgi, don ku rubuta sunanku ga takarda ku maishe ta inda take?" Na ce, "Ranka shi daɗe, haka ne." Ya ce, "Kuma ba mai biyan ku?" Na ce babu. Ya daɗe yana kallona. Da aka buɗe wayata abin ya ƙara lalacewa, don ga taswirar garinsu, ga alama a kan gonarsu, ga lambobi a jere. Waje ya sake ɗaukar hayaniya. Wayar mai safiyo kuwa a kashe, mai gonar ya tafi kasuwa. Maigari ya ce ba mai taɓa mu, ba kuma inda za mu, sai mai gona ya dawo.

Malamin firamaren garin, na gode. Shi aka kira ya karɓi wayar, ya tsaya a ƙofar zaure ya karanta duk abin da ke shafin yana mayarwa da Hausa, bai ƙara ba bai rage ba, har wurin da aka rubuta cewa mai gona ya sani. Da aka zo kan kacici-kacicin sai wata tsohuwa daga bayan danga ta ce gawo ke nan, aka yi 'yar dariya, daga nan wuta ta fara lafawa.

Na ga wasu tun jiya suna rubuta cewa jahilci ne ya sa aka tsare mu. Ban yarda ba, kuma ina roƙon a daina. Mutanen nan ba su manta da harin da aka kai Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024 ba, kuma sun san kafin ɓarna ta zo gari sai an fara turo masu leƙen asiri. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ko a ajiye maganar tsaro, baƙi uku na kewaya itace a gonarka suna zungurar ƙasa suna duba waya: ko masu auna fili ne za a ƙwace, ko masu neman ma'adini, ko wani abu ake son binnewa. Wa zai gani ya wuce? Ina zaune a zauren nan ba abin da ke faɗo mini a rai sai mafarautan nan 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, ba a tsaya an ji ta bakinsu ba. Mu an tsaya, an ba mu ruwa, an jira shaida har rana ta yi sanyi. Mutanen da ke cikin tsoro suka iya wannan, ba za a zage su a gabana in yi shiru ba.

Dab da magariba mai gona ya iso, tsohon masunci ne, irin waɗanda ke shiga Matan Faɗa da gora da homa in bikin kamun kifi ya zo. Aka koro masa bayani. Ya riƙe baki, ya ce, "Ashe don wagga 'yar roba anka tara gari?" Mai safiyo ɗan ƙanwarsa ne. Ya ce masa abin sirri ne, shi kuwa Baba ya riƙe sirri har ko iyalinsa bai gaya wa ba. Bayan salla aka ɗunguma da tocila, rabin gari na biye da mu. Baba ya tsaya a gindin gawo na tsakiya, wanda muka fi wahala a kansa, ya haska sama. Tsohuwar amya ce ɗaure a reshe, ƙudan zuma sun daɗe da barin ta. Mun gan ta tun da safe, har mun matsa gefe don kada a harbe mu. Jikansa ya hau, ya zura hannu, ya zaro roba a naɗe cikin tsumman buhu.

A gaban kowa aka buɗe. Littafi ne, da biro, da ƙugiyar kamun kifi, da tsohon kwabo mai huji. Ba sunan kowa a littafin, mu ne farko. Muka rubuta namu, na ɗauki kwabon na ajiye ƙaramin kamfas. Sai shugaban 'yan banga ya miƙo hannu a ba shi biro, ya ce ai shi ma ya sha wahalar nemanta, ya rubuta nasa da ajami a ƙarƙashin namu. Yaron da ya ɗaga sanda ma ya zo yana sunkuyar da kai, ƙanena ya ce masa ya wuce, ya riƙe masa tocila ya rubuta.

Jirgi ba ya ƙetarewa da dare, don haka a garin muka kwana. Inna, uwargidan Maigari, Allah ya saka da alheri: tuwon shinkafa da miyar kuka da tarwaɗa, ga fura da safe, ga gidan sauron 'ya'yanta da ta cire ta aiko mana. Mai jirgin da ya jira mu a gaɓa har duhu, da bai gan mu ba ya koma ya shaida wa 'yan kabu-kabu, daga nan labari ya tashi yana ƙara kitse har ya zama garkuwa. Kada kowa ya ga laifinsa, abin da ya dace ya yi, kuma da sassafe shi ya fara zuwa neman mu ya ƙi karɓar kuɗin dawowa. Saurayin da ya kai ni kan tudun bayan masallaci, inda nan kaɗai ake samun sabis, har na samu na kira gida, na gode. Hajiyarmu, ki yafe mana tashin hankalin daren nan. Maiɗakina da ta riƙe gida tana amsa waya har asuba, abokan aiki, maƙwabta, jami'an tsaron da suka yi ta bibiya, da ɗalibaina da na ji sun haɗu sun yi mana addu'a, Allah ya bar zumunci, ya ba kowa ladansa.

Kai kuma mai safiyo, da ka kashe waya ranar da aka fi bukatarka, na gode da wahalar, taurarin nan 4 ba ka yi ƙarya ba. Na san za ka ce na tona asirin maɓoya, to ai yanzu ko awakin garin sun san wurin. Mun yi magana da shi, zai zo su sauya mata wuri shi da Baba mai gona, kuma zai rubuta sharuɗɗan Maigari a shafin: duk mai zuwa ya fara ta ƙofar fada, a haɗa shi da ɗan rakiya, ya zo da safe, kada ya zo ranar kasuwa. Kafin nan kada kowa ya tafi nema.

Malamin firamaren ya ce makarantarsu ba ta da taswirar Najeriya ko ɗaya, balle ta duniya. Na samu guda biyu, abokan aiki sun haɗa littattafan rubutu da alli, ranar Asabar mai zuwa in sha Allahu za mu kai. Wanda ke da abin da zai ƙara ya same ni kafin Juma'a, kuma akwai wurin mutum biyu a mota.