Yadin da aka rantse min auduga ne zalla

Masu sha'awar rina ƙyalle don haɗa bargon ado, irin na ratayewa a bango ba na lulluɓa ba, dan Allah in za ku sayen yadi ku jefa ashana a jaka. Ba wasa nake ba. Ni dai har yau in na tuna raina ɓaci yake, yadi 12 ya tafi a banza, ga kuɗin kala ga wahala ga kunyar Hajiyar da ta ba ni aikin.

Ɗinki nake a gida, nan wani ƙauye gefen Kura, kuma na daɗe ina tara ragowar ƙyallaye ina haɗa zanin gado da rigar filo. Abin da ya sa min ra'ayin na bango wasu hotuna ne da na gani a Facebook na matan wani ƙauye a Amurka, Gee's Bend a jihar Alabama, baƙaƙen fata ne, tsofaffin wandunan gona da riguna suke yayyankawa su haɗa, yanzu aikinsu har gidajen tarihi ake ratayewa. Na ce to mu da muke zaune a kan rini fa? Karofin Ƙofar Mata ana cewa tun 1498 yake, rawanin ɗan kura da Buzaye ke nema kuwa sunansa ma ya faɗi inda yake fitowa. Sai na ce maimakon in zauna jiran launin da atamfa ta ga damar ba ni, bari in rina nawa, in sami shuɗi hawa-hawa tun daga mai haske har wanda ya kusa baƙi, in kuma zana abin da nake so a kai.

Gwajin farko da akoko na yi, a bokitin roba, kala da soda da farin garin nan mai wari da ake ce wa haidiro. Ya yi kyau Alhamdulillahi, ba sai na ja zance a nan ba. Ƙaramin da na haɗa shi wata Hajiya ta gani ta ce tana son babba na ɗakin 'yarta da za a aurar, shuɗi da fari, da zanen dagi a tsakiya.

To a nan aka yi ta. Na shiga birni neman farin yadi wanda ya fi akoko laushi tunda na amarya ne, wani mai shago ya ciro min wani fari tas mai santsi, na ce Alhaji auduga ce dai ko, rini zan yi, ya ce Hajiya wallahi auduga zalla, in ba ta ba ce ki dawo min da shi. Har da wallahi fa. Na biya na taho.

Na yayyanka, na ɗaɗɗaure wasu da zare, na haɗa ruwa yadda na saba. Wanda ya taɓa yi ya san yadi in ya fito daga ruwan kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ka ga yana juyewa shuɗi a gaban idonka, wannan lokacin shi na fi so a duk aikin. Wannan ma ya juya, amma ina ɗauraye shi sai ga wani launi dishi-dishi, kamar rigar makaranta da ta sha wanki shekara da shekaru, in ka matso da shi kusa da ido sai ka ga zare ɗaya ya kama ɗaya fari fat. Na ce haidiron ce ta sha iska, don ita in ta daɗe a buɗe ko ta ji damshi mutuwa take, na aika aka sayo sabuwa. Haka. Na ƙara kala, haka. Na tsoma na fitar na sake tsomawa har bayana ya ƙage, kala tana ta ƙarewa ina zargin kaina ina zargin mai kala, har ruwan rijiyarmu sai da na zarga.

Ƙanina ne ya ce Yaya kawo mu kai wa tsohon nan na karofi ya duba. Muka je tare. Dattijon bai ma tambayi me na zuba a ruwan ba, ya murza ƙyallen da yatsu, ya zaro 'yan zarurruka daga gefe ya ce a ba shi ashana. Yana kai wuta sai bakin ya ƙudundune ya yi baƙin hayaƙi, ya narke ya bar wani ɗan dunƙule mai tauri yana warin leda. Ya yago tsumman akoko daga gefensa ya kunna, ya ci da wuta sarai, warin takarda, tokar kuma yana murzawa ta zama gari. Ya ce 'yata wannan naki ai roba ce aka sirka da auduga kaɗan, ko shekara zai yi a marina iyakarsa kenan. Na ce Baba to babu dabara? Ya yi dariya ya ce dabarar a shago take, can kika baro ta.

Daga baya na fahimci irin yadin nan da yawansu kashi 65 roba ne 35 auduga, wannan 35 ɗin ita kaɗai ke shan rini, shi ya sa launin ke fitowa a koɗe. Robar kalarta daban ce, a masana'anta sai an kai zafi wajen digiri 130 a rufaffiyar tukunya kafin ta kama sosai, ina ni ina wannan a tsakar gida. Kuma da rinin ganyen baba na gargajiya ne da toka da katsi, da na kanti ne, duk ɗaya, babu wanda zai kama roba. Ashana ɗaya tal da ta raba ni da duk wannan.

Dole na koma wa akokona da na raina. Shi ma yana da nasa halin, sabo yana zuwa da sitati a jiki wanda ke hana rini shiga daidai, sai ya yi dabbare-dabbare, don haka sai an wanke shi da ruwan zafi da sabulu an ɗauraye tas. Kuma yana tsukewa a wankin farko, kar ku yanka murabba'anku sai bayan an wanke an rina an goge, in ba haka ba wajen haɗawa kusurwa ba za ta haɗu da kusurwa ba. Shuɗi mai duhu kuma ba daɗewa a ruwa ke kawo shi ba, tsomawa ce a fitar iska ta sha a sake tsomawa, da haka na sami hawa-hawan da nake so, wani tsomi ɗaya wani biyu wani har sai da ya kusa baƙi. Sodar nan kuwa ba abar wasa ba ce, tana cin fata, safar hannu dole, ita ake zubawa cikin ruwa a hankali ba a zuba mata ruwa, kar ta taɓa tukunyar dalma don cinye ta take, kuma a kori yara daga wajen gaba ɗaya. Bokitin rini ya zama na rini kawai.

Sai zuba. Bargon da aka haɗa shuɗi da fari in shuɗin ya zuba shikenan an gama da shi. Mutane na cewa a jiƙa da gishiri, ni ban ga abin da gishiri ya tsinana ba, ɗauraya ce kawai har ruwa ya fito garau, sannan in ɗauki ɗan farin ƙyalle mai laima in ɗora a kai in danna dutsen guga, in farin ya ɗauki launi to da saura.

Wajen zane ne na fi jin daɗi, nan kam ina alfahari. Da fentin kanti na fara, irin na masu zanen allo, ya bushe ya sandare ƙyallen, allurar keke tana ratsawa tana barin huda. Sai na tuna yadda dukawa da majema ke yi da fata. Na daka bagaruwa na jiƙa na tace, na tsoma akokon a ruwan ya bushe ya yi ƙasa-ƙasa. A gefe kuma na zuba tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa a gwangwani da ruwa da ɗan tsami na bar su suka jiƙu. Duk inda ruwan ƙarfen nan ya taɓa ƙyallen da ya sha bagaruwa nan take yake yin toka-toka ya koma baƙi, kuma a cikin zaren yake ba a sama ba, ƙyallen na nan da laushinsa. Irin hikimar da ke cikin zanen laka na mutanen Mali kenan, su ganye suke jiƙawa sannan su zana da laka mai ƙarfe. Matsalar ruwan yana bajewa, layi siriri ya zama ƙato. Ƙaro ne ya gyara min, wanda malamai ke sa wa tawada, na jiƙa na kwaɓa a ciki ya yi kauri, na zana dagin da alƙalamin kara na almajiran gidanmu, layi ya fito tsaf. Kar dai a cika ƙarfen, in ya yi yawa yana cin yadi a hankali.

Goro ya ba ni ruwan ƙasa mai kyau. Gangamau ranar farko rawaya har ɗaukar ido take, amma rana na bugunsa yake koɗewa, zoɓo kuwa kar ma ku ɓata lokacinku, jan nan wanki ɗaya ya koma wani toka-toka mara fasali. Wani abin da ban zata ba, zaren ɗinkin da muke saye na keke shi ma yawanci roba ne, na gane ne da na tsoma wani ƙyalle da na riga na yi wa ɗinki, yadin ya yi shuɗi zaren ya fito fari tas. Wannan kam ya yi min kyau, yanzu da gangan nake yi. Ka ga robar ma a inda ka san da ita ba laifi, a ɓoye maka ita ne ciwon.

Hajiya ta karɓi bargonta amma sai bayan an kai amarya, ta ce ba komai 'yar nan Allah ya yi albarka, ni dai na san da komai tunda ranar jere bangon haka ya kwana fayau. Yadi 12 ɗin nan kuwa yanzu a bayan barguna nake sa shi inda ba mai gani, shi ma sai da lallaɓawa, don dutsen gugarmu na gawayi in ya yi zafi sosai sai ya sa shi ƙyalli ya tattare, na ƙona guda kafin in gane.

Na koma wajen mai shagon da ɗan dunƙulen nan a ƙulle a leda na nuna masa, na tuna masa shi ya ce in dawo da shi. Ya juya ƙyallen ya ce ai Hajiya kin riga kin yanka, kuma shi ma haka aka ce masa a inda ya saro. Ina tsaye wata mata ta shigo tana tambayar farin yadi na auduga, ya miƙa hannu kan bandir ɗin nan dai.