Dafa abinci a bayan mota cikin zafin Sakkwato

Ni kuku ne, kuma sana'ata ita ce sayar da abinci daga bayan ƙaramar mota a unguwannin Sakkwato. Abin da nake sayarwa gamin gambiza ne: siffar abincin baƙi, ɗanɗanon na gida. Shawarma ce amma naman cikinta tsire ne, boga ce amma masa ce a madadin burodi, sai taliya soyayya da kilishi. Masu son shiga harkar sukan fara tambayata kuɗin mota. Ni kuwa abin da na ga yana yanke hukunci a wannan gari shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni kan haura digiri 40, kuma duk wani tsari na mota, na girki da na lokacin fita, sai ya bi ta kan wannan.

Motar da nake aiki da ita ƙaramar a-kori-kura ce irin Hijet. Irin waɗannan an ƙera su ne su ɗauki kilo 350, kuma nauyin yana cika da wuri fiye da yadda mutum yake zato. Farantin suya na baƙin ƙarfe mai tsawon santimita 90, faɗin 60, kaurin milimita 8, shi kaɗai ya kusa kilo 34. Ruwa lita 100 kilo 100 ne. Ƙara tukunyar gas biyu masu kilo 12.5 da nauyin ƙarfensu, da kula biyu cike da ƙanƙara, da katako da rufi, ka ga an kusa iyaka tun ba a ɗora nama ba. Saboda haka ba ma tsayawa a cikin motar. Mai walda ya yi mata gefe biyu masu ɗagawa sama su zama rumfa, mu kuma muna tsaye a ƙasa muna aiki. Wannan ya rage nauyi, ya kuma ceci mai suya daga zama cikin akwatin ƙarfe da wuta a gabansa. Rufin fari ne, da soso mai hana zafi a ƙarƙashinsa.

Kada a yarda mai walda ya sa siririn faranti don sauƙin kuɗi. Mai milimita 3 ko 4 yana lanƙwashewa idan ya sha wuta, mai ya taru a kusurwa ɗaya, tsakiya ta ƙona nama gefe kuma bai dahu ba. Mai kauri yana jinkirin ɗaukar zafi, kamar minti 15, amma in ya ɗauka ba ya sakewa ko ka zuba masa nama mai sanyi. A ƙarƙashinsa murhu biyu ne, kowanne da makunninsa: ɗaya gefen wuta sosai don suya, ɗayan kaɗan don ɗumama gurasa da ajiye abin da ya dahu.

Tukunyar gas tana zaune a tsaye cikin keji a bayan mota, a inuwa, da ƙofofin iska ta ƙasa, domin gas ya fi iska nauyi, idan ya zuba ƙasa yake kwanciya. Ba na barin mai ɗura gas ya cika ta fal. Ana barin sarari ne a tukunya don gas ya samu wurin buɗewa idan ya ji zafi, kuma a garin nan zai ji. Kullum kafin a kunna wuta muna shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo. In ya yi kumfa, akwai yoyo. Tiyon roba yana tsagewa da wuri a wannan rana, don haka ina canja shi da zarar na ga ya fara tauri. Lokacin hunturu kuma ƙura tana toshe hancin murhu. Alamarta wuta ta koma ja-ja tana baƙanta gindin faranti, maganinta siririyar waya da goga. Ba mu da janareta: hayaƙinsa yana shiga abinci, ƙararsa tana ɓata mana zama da maƙwabta. Faifan sola ɗaya da batir guda sun ishi ƙwan fitila huɗu, fanka da cajin na'urar POS.

Girki na ainihi a gida ake yin sa, da safe. Mota wurin ƙarasawa ce kawai. Duk abin da zai wuce minti uku tsakanin oda da miƙa wa mai saye, ba shi da gurbi a jerin abincina, shi ya sa jerin bai wuce abu huɗu ba.

Bogar masa ita ta fi cin tunani, ita kuma ta fi kawo mutane. Masar da muka sani tana da taushi, idan aka sa nama tsakanin guda biyu aka riƙe da hannu sai ta farfashe. Abin da ya gyara wannan shi ne ɗan fulawa: kashi ɗaya na fulawa cikin kashi biyar na shinkafa. Ina jiƙa shinkafar tuwo kilo 2 ta kwana, in dafa wata gram 300 daban ta yi luguf, in haɗa su a niƙa, sannan in zuba fulawa gram 400, yis cokali biyu, sukari kaɗan da gishiri. Sukarin bai kai na masar karin kumallo ba, don nama za ta ɗauka. Tandar ma ta musamman ce, mai ramuka masu faɗin santimita 10 marasa zurfi, don masar ta fito shimfiɗaɗɗiya. Matsalar ƙullu a Sakkwato saurin tashi ne. Da bazara awa uku ya isa, da hunturu kuwa sai ya kwana. In aka ɗora bokitin gaba ɗaya a mota da la'asar, kafin isha'i ya yi tsami ya saki, masar ta riƙa shan mai tana kamawa. Don haka nake raba shi cikin robobi masu lita biyu-biyu, su zauna kan ƙanƙara, a fito da ɗaya bayan ɗaya. In tsami ya ɗan yi yawa, ruwan kanwa kaɗan yana kashe shi, amma in aka zarce masar ta yi duhu ta ɗauki ɗaci.

Naman boga niƙaƙƙen naman sa ne da kitse kashi ɗaya cikin biyar, curi gram 90. Idan babu kitsen, ya bushe ya yi gari a baki. Gishiri, albasa da tafarnuwa kawai ke shiga cikinsa. Yajin ƙuli ba ya hawa faranti, domin ƙuli-ƙuli yana ƙonewa kafin nama ya dahu, ya bar ɗaci da baƙin dabbare a ƙarfe. Sai an sauke ake barbaɗa shi. Niƙaƙƙen nama kuma dole ya dahu har ciki. Ina da ƙaramin ma'aunin zafi mai tsinke, ba na sauke shi sai ya nuna digiri 75.

Shawarmar tsire ta fi sauƙi, amma gurasarta ce ke ba da wahala. Fulawa kilo 1, ruwa mililita 600, mai mililita 50, gishiri gram 15, yis gram 5, a yanka gram 70-70, za a samu guda 23 ko 24. A murza ta siririya, a gasa kowane gefe ƙasa da minti ɗaya, a jera su da zafinsu cikin tsabtataccen ƙyalle. Iskar hunturu tana busar da ita cikin 'yan mintoci, in ka zo naɗewa ta tsage. Muna ajiye ta a rufe, mu yayyafa mata ruwa, mu ɗumama ta daƙiƙa goma kafin naɗi. Tsiren kansa ba a faranti ake gasa shi ba, don mutumin Sakkwato ya san ƙamshin gawayi, ba ka iya yi masa wayo. Muna da ƙaramin murhun gawayi da muke saukewa ƙasa, nesa da tukunyar gas, ta ɓangaren da iska ke tafiya.

Ban sa mayonis a komai ba, kuma ba zan sa ba. Maimakonsa kindirmo nake tacewa a ƙyalle cikin firij ya kwana, lita ɗaya ta koma kamar rabi, ya yi kauri, in daka masa tafarnuwa, in matsa lemun tsami, in sa gishiri. Tafarnuwa da albasar da ake nomawa a fadamun Wurno da Goronyo suna da ƙarfi, ƙwayar tafarnuwa huɗu sun ishi rabin lita. A gurbin tumatirin kwalba kuma miyar tsamiya ce: tsamiya gram 250 a jiƙa a lita ɗaya ta ruwan zafi, a tace, a sa mazarƙwaila gram 200, citta da attaruhu, a dafa har ta kama bayan cokali. Tsaminta yana sa ta jure zafi. Kindirmon kuwa nono ne, wurinsa kan ƙanƙara, ana ɗibar kaɗan-kaɗan a robar matsawa. A ganina waɗannan miya biyu su ne sana'ar. Mai saye zai tsaya ya ce, "Malam, mi kas sa ciki?" In ka ce masa tsamiya da nono da yajin ƙuli, hankalinsa ya kwanta, don babu baƙon abu a ciki, tsarin ne kawai sabo. Abincin da aka cika masa kayan kwalba ana saye sau ɗaya don gani da ido, ba a komowa.

Taliya da kilishi ba ta da dogon bayani. A dafa taliya rabin dahuwa, a tsane, a shafa mai, a sanyaya da sauri. A faranti a soya ta da albasa, tattasai da ɗan daddawa, a yayyaga kilishi a kai a ƙarshe da ludayin romo don ya yi laushi. Kilishi ba ya buƙatar sanyi, shi ya sa ya dace da mota. Dafaffiyar taliya ce mai haɗari, mutane suna raina ta don ba nama ba ce, alhali in ta zauna da ɗumi tana ɓata ciki.

Ƙa'idar sanyi ita ce abinci ya zauna ƙasa da digiri 5 ko sama da 60; tsakaninsu ne ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. A wuri mai zafin da ya haura digiri 32, awa ɗaya ce iyakar abin da dafaffen abinci zai yi a waje. Kula biyu nake ɗauka. Ɗaya ta ajiya ce, ba a buɗe ta sai za a ɗebo. Ɗayar ta aiki, ana buɗe ta kowane lokaci. Ɗanyen nama yana ƙasa cikin roba mai murfi, ganye da miya a sama. Ƙanƙara dunƙulalliya ta fi daɗewa a kan farfasasshiya, kuma da bazara tsadarta da ƙarancinta suna tashi tare, don haka na daidaita da mai ƙanƙara ɗaya yana ajiye mini. Kabeji da tumatir a gida ake wanke su, a cire 'ya'yan tumatir don kada ruwansa ya jiƙa gurasa.

Mu uku ne a bakin aiki: mai suya, mai haɗawa da naɗewa, da mai karɓar kuɗi. Mai kuɗi ba ya taɓa abinci ko kaɗan. In an ce an tura ta waya, sai kuɗin sun shigo wayarmu ake miƙa leda, don hoton rasit ba shaida ba ne. Masa da takarda mai tsabta ake naɗe ta. In aka ɗaure ta a leda da zafinta, tururi ya jiƙa ta kafin a kai gida. Jarida kuwa tawadarta tana fita a mai.

Kafin in ajiye mota a kowace unguwa sai na je gaida mai unguwa. "Ranka ya daɗe, sana'a ce ta kawo mu, muna neman wurin tsayawa da albarkarku." Daga nan sai mai shayi da mai tsiren da na tarar a wurin. Ba na sayar da shayi ko lemo, duk mai son abin sha ina nuna masa teburin mai shayi, shi ma yana turo mini nasa. Ta fuskar hukuma, birnin ya ratsa ƙananan hukumomi fiye da ɗaya: Mabera tana Sakkwato ta Kudu, Arkilla da Dundaye suna Wamakko, cikin gari kuma akwai Sakkwato ta Arewa. Mai yawo da mota ya nemi takardar kowacce da zai yi ciniki a cikinta, ya riƙe rasit a motar tare da takardun mota da shaidar gwajin lafiyar ma'aikata, don duba-gari na iya zuwa kowane lokaci.

Yawo barkatai ba ya kawo ciniki. Kowace unguwa tana da ranarta da lokacinta, kuma ba ma saɓawa, har yaran da ake aikowa daga gidaje sun san ranar. Waɗannan 'yan aike kaso ne babba na cinikin, domin matan da ba sa fitowa su ne masu yawan oda, wasu kuma ta waya suke kira a kai musu da kabu-kabu. Wajen makarantu, kamar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ciniki na yamma ne kuma ƙaramin ƙunshi mai sauƙin kuɗi ya fi tafiya, sai dai in aka yi hutu wurin ya mutu. A Runjin Sambo da Mabera kasuwa tana buɗewa ne bayan isha'i. Da magariba muna rage wuta mu rufe gefe ɗaya a je salla. Lungunan tsohon gari ba sa ɗaukar mota, a bakin titi ake tsayawa. Da azumi tsarin duka yana juyewa: buɗa-baki na gida ne, kunu da ƙosai, mu sai bayan asham muke fara ganin mutane, har tsakar dare. Da damina kuma iskar da ke gaban hadari ita ce abin tsoro, tana kashe wuta ta bar gas yana fita, tana kuma iya fizge rumfa. Da an ga gabas ta haɗe, a rufe tukunyar gas tukuna, sannan a sauke gefunan.

Farashi da sikeli nake yanke shi, ba da ido ba. Ina auna duk abin da ya shiga ƙunshi ɗaya, har takarda da miya, in tabbatar bai wuce kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na kuɗin sayarwa ba, domin ragowar ce za ta biya gas, ƙanƙara, fetur, ma'aikata da gyaran mota. In nama ya tashi a kasuwar Kara, gara in ƙara kuɗi in faɗa wa mutane dalili da in rage curin a ɓoye, don mai saye yana ganewa tun a hannu.

Idan an tashi, ana kankare faranti tun da sauran zafinsa, a goge da ruwa kaɗan, a shafa masa siririn mai don kada ya yi tsatsa. Ruwan wanke-wanke yana taruwa a jarka ta daban, ba ma zubar da shi a ƙofar gidan mutane. Naman da ya riga ya hau wuta amma bai ƙare ba, ma'aikata da almajiran wurin ke cinye shi a daren. Ba ya komawa kula. Ɗanyen da bai bar ƙanƙara ba kuma, in ma'auni ya nuna yana ƙasa da digiri 5, shi ake fara sarrafawa washegari.