Na je siyan daddawa na dawo da akushi

Juma'ar nan na leƙa kasuwar Wudil, Inna ce ta aike ni daddawa da kuka da busasshen kifi, tace kar in daɗe. Ina! Ban ma bi ta kara wajen shanu ba saboda ƙura, ina gama cinikin kifin sai idona ya faɗa kan wani dattijo ya baza tsofaffin kaya a kan buhu, langa-langa, fanteka, fitilar aci-bal-bal, da dutsen guga na gawayi mai zakara a kai. Can gefe ga akushi baƙi wuluk, bakinsa ya tsage an ɗinke da waya, wallahi irin wanda kakata take zubawa Malam tuwon dawa, ya kwana a ciki bai yi ruwa ba.

Nace Baba nawa? Yace ɗana ka taya. Na taya yace albarka, muka yi ta ja har na haɗa da kuɗin motata ya sallama.

A bayan a-kori-kura na dawo, Inna ta juya akushin ta shinshina tace to ina kukar? Na manta.