Yadda muke tsara shago a Kano

Mu aikinmu shi ne a ba mu shago fanko, ko wanda ya cika ya batse har mai shi ya rasa inda zai sa ƙafa, mu mayar da shi wurin da mutum zai shiga ya ga kaya ya ji yana son taɓawa. Ƙaramin kamfani ne, ni da kafintocina da mai wayarin ɗaya da ba na yarda kowa ya ja min waya sai shi, sai mai fenti da masu almuniyom da gilas da muke kira in aiki ya taso. Yawancin aikin a cikin Kano ne, shagunan atamfa da shadda, masu abaya, masu turare, masu waya irin na Farm Centre da Beirut Road, da ƙananan sufamaket ɗin nan da ake ta buɗewa cikin unguwanni.

In aka kira ni ba na fara ciro tef in hau awo. Zama nake yi a shagon in kasuwa na ci, in ga su waye ke shigowa, ina suke fara kallo, ina suke tsayawa, me suke tambaya wanda yana gabansu amma ba su gan shi ba. Tambayata ta farko kuma kullum ɗaya ce, Alhaji sari kake ko ɗai-ɗai? Domin shagon sari a Kantin Kwari da mutum zai zo daga Maraɗi ko Maiduguri ya ɗauki dila-dila ba ruwansa da ado, shi hanya yake so da ɗan dako zai wuce da kaya a ka, da samfur a jere a gaba ya nuna ya ce a ba ni wannan da wancan, da sito a kusa. In ka cika masa shago da gilas ka cuce shi. Amma mai sayar da turmi ɗaya biyu ga Hajiyar da ta fito neman na fitar biki, shi kam idonta ne kasuwarsa.

Tun da aka buɗe Ado Bayero Mall a Zoo Road a 2014 na lura idon mutanenmu ya sauya, ga kuma 'yan kasuwa da ke zuwa Dubai da Chaina suna dawowa da hotuna a waya, sai a miƙo maka a ce irin wannan nake so. Toh ba na ƙi, akwai abin koyi sosai a ciki, amma wancan shagon an yi shi ne don mutumin da zai shiga shi kaɗai ya duba farashi a jikin kaya ya biya ya fita, ba ƙura, ba ɗauke wuta. Mu kuwa namu zai yi sallama, a gaisa, a tambayi iyali, ya zauna, a sauko masa da kala goma, ya murza, ya taya, a yi albarka, ya miƙe kamar zai tafi a kira shi ya dawo. Shagon da bai bar wurin yin duk wannan ba ko ya kai me kyau a hoto ba namu ba ne.

Inda muka fi jan magana da masu shago shi ne cika. Ɗan kasuwarmu yana son a ga jari, kaya tun daga ƙasa har silin, ƙofa ma an rataye ta da kaya sai ka sunkuya za ka shiga, kuma na fahimce shi wallahi, cikar shago mutunci ce a kasuwa, shagon da aka ga wayam sai a fara raɗe-raɗin ko karayar jari ce. Abin da nake ce musu shi ne Alhaji ba rage maka kaya zan yi ba, raba su zan yi. Sama can inda hannu ba ya kai wa a cika ta da kaya a ninke, jari ya nuna kansa. Ƙasa a sa masu nauyi da waɗanda dole a tambaye su ko an gani ko ba a gani ba. Amma tsakanin ƙafa huɗu zuwa biyar da rabi daga ƙasa, daidai ido da hannu, nan ne gonar shagon, nan a ba ni in sa sabon yayi da abin da ya fi riba, kuma in bar ɗan fili tsakanin kala da kala. Atamfa talatin masu zane daban-daban in ka manne su wuri guda ido ba ya ganin ko ɗaya, gara a haɗa masu ja wuri ɗaya, masu kore wuri ɗaya, a buɗe guda ɗaya a sake ta ta zubo a ga zanen gaba ɗaya, tunda a ninke rabin labarin kawai ake gani.

Sai maganar wuta, wadda ni a wurina ita ce rabin aikin. Duk wanda ya taɓa sayen yadi ya san abin nan da kwastoma ke yi, ya ɗauki kaya ya fita bakin ƙofa ya duba a rana, don bai yarda da kalar da ya gani a ciki ba. Kuma yana da gaskiya. Ƙwan fitilar da aka fi sa wa a shaguna shi ne farin nan tas mai ɗan shuɗi-shuɗi, za ka ga an rubuta 6500K a kwalinsa, lambar kalar haskensa kenan, yana da arha yana da haske amma yana kashe ja da ruwan goro da ruwan ƙasa, marun ya koma kamar baƙi, fatar mutum ma a madubi sai ta yi wani toka-toka. Mai 3000K shi kuma ruwan ɗorawa ne, yana yi wa gwal da kwalaben turare kyau ƙwarai, amma sa shi a kan farar shadda ka ga ta koma kamar ta kwana biyu a jiki. Shagon kayan sawa 4000K nake sa wa, tsaka-tsaki, kuma ina duba wata lamba a kwalin, CRI, mai nuna yadda ƙwan ke fito da ainihin kala, in ta kai 90 to kalar da ka gani a ciki ita za ka gani a waje. Ya fi tsada, kuma ba duk abin da aka rubuta a kwali ne gaskiya ba, shi ya sa nake tafiya France Road da ƙyallen jar atamfa da na farar shadda a aljihu, a kunna min in kara in gani kafin in biya.

Ba kalar kaɗai ba, har inda hasken ke faɗawa. Yawanci za ka ga an jera ƙwai a tsakiyar silin, tayil yana ta ƙyalli kanta kuwa tana cikin inuwa, kwastoma ma in ya tsaya gaban kaya inuwarsa ce ke rufe su. Muna matso da fitila kusa da bango mu karkata ta ta kalli kanta. Shadda irin Getzner sheƙinta ake saye, in haske ya zo mata a karkace sai zanen cikin ya tashi, in ya sauko mata tsaye daga sama sai ta kwanta lis. Kuma dole a yi lissafin abin da inbata zai iya ɗauka, tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareta ya zama sai dole, kuɗin wuta ma ya tashi, mutane da yawa sun koma sola. Don haka layi biyu muke ja, fitilun da ke kan kaya da na bakin ƙofa a kan inbata, na ado a kan wutar gari, in an ɗauke shagon ba zai mutu ba.

Wurin zama kuwa ba na sasautawa a kansa. Masu haɗa lefe ba mutum ɗaya ke zuwa ba, uwa da gwaggo da yaya da ƙawa, wani lokacin da goyo, kuma za su daɗe, to in ba kafet mai kyau ko benci mai laushi da fanka a kansu, da fili a gabansu da za a baje leshi, rabin lissafin za su saya su ƙarasa a wani shagon. Hanya tsakanin kanta da kanta kar ta gaza ƙafa uku, in da hali huɗu, don mace ta wuce ba tare da ta gogi namiji ba, wannan a garinmu ba ƙaramin abu ba ne, akwai matan da ba za su sake komawa shago ba saboda matsi kawai kuma ba za su taɓa faɗa wa mai shagon dalili ba. Teburin biya da POS ina sa shi inda mai shago zai ga ƙofa ya ga lungu, ba a tsakiyar hanya ba.

Mutum-mutumi ma akwai nasa tsarin. A 2021 Hisbah ta Kano ta yi magana a kan masu tallan kaya da shi, abin da aka tsaya a kai shi ne marar kai kuma a suturta shi. Ni dama marar kai nake kawowa, wasu wuraren ma firam ɗin ƙarfe kawai muke lanƙwasawa mai faɗin kafaɗa a ɗora abaya ko babbar riga ta zubo, kuma sau da yawa ya fi fito da ɗinki. Sai dai duk abin da aka sa a gilashin gaba a riƙa sauya shi duk sati, ranar Kano ba ta da wasa, tana cinye kala, turare kuwa ko kusa da taga kar ya je.

Sufamaket nasa mai sauƙi ne in an bi. Shinkafa da mai da madara can ciki don mutum ya ratsa shagon, alawa da cingam da batir kusa da wurin biya, sabulu da omo nesa da biskit da ganyen shayi don ƙamshi na shiga, sabon kaya a baya tsoho a gaba.

Kayan aiki kuma nan ake yawan cutar mutane. Allon MDF, wanda ake yi da garin katako a matse, yana da kyau yana da santsi amma ruwa ya taɓa shi ya kumbura shi kenan, duk wanda ya ga abin da ambaliyar 2022 ta yi a Kwari ba sai an yi masa dogon bayani ba, don haka kantarmu ba ta zama a ƙasa, ƙafar ƙarfe muke mata ta ɗaga. Katako in za mu saya a Na'ibawa sai busasshe kuma a shafe shi da maganin gara. Saman shokes ɗin waya gilas mai kauri, mili takwas ko goma, don mutane dogarawa suke yi a kai. Lokacin hunturu ƙura ba ta jin magana, kaya masu tsada a bayan gilas mai zugewa, kuma ba na yin ado mai lungu-lungu da yaron shago ba zai iya gogewa ba. Wayarin kam ko za mu ɓata da mai shago ba na karɓar siririyar waya, gobarar Sabon Gari ta 2016 har yau akwai waɗanda ba su farfaɗo ba, waya mai kyau a cikin bututu, bireka a bakin ƙofa da za a kashe gaba ɗaya in an tashi, da tukunyar kashe gobara a inda hannu zai kai. In ya ce tsada nakan ce Alhaji sayen nagari mayar da kuɗi gida, a rage ado a silin a sa kuɗin a waya.

Kuɗin aiki jinga muke yi, a ba da kafin alƙalami mu sayi kaya a ranar, saboda farashin allo da gilas ba ya zama wuri ɗaya, lissafin da na bayar yau ba na tsaya masa fiye da sati ba. Yanzu kuma kusan kowane shago sai mun ware masa kusurwa ɗaya mai bango fili da haske mai kyau don ɗaukar hoto da bidiyo, tunda ciniki da yawa a sitatus ɗin WhatsApp da TikTok yake farawa, kuma in kalar hoto ta saɓa da ta kaya rigima ce da dawo da kaya.

Ranar miƙa makulli yaran shago nake tarawa ba maigida ba, don su ne za su riƙe tsarin. In nuna musu inda kowace kala take, in ce in an sauko da goma an sayi ɗaya a mayar da tara kafin wani ya shigo, kwali kar ya kwana a hanya, ƙwai in ya mutu a sayo irin lambarsa ba kowanne ba. Muna ɗaukar hoton kowace kanta mu tura musu a waya su riƙa dubawa. Kafin azumi ya raba kuma muna zagayawa shagunan da muka yi wa aiki mu sauya gaba, shadda da yadin maza da kayan yara su matso kusa da ƙofa tun telaye ba su rufe karɓar ɗinkin sallah ba.