Yadda na daidaita PID ɗin tankin ruwan jima a Challawa

Ruwan da ke fitowa daga sashen cire gashi a masana'antar fata yana ɗauke da laim (farar ƙasa) da salfaid, sinadaran da ake cire gashin da su. pH ɗinsa, wato lambar da ke nuna tsamin ruwa ko kaifinsa irin na kanwa, kan kai 12. Ƙa'idar zubar da ruwan masana'antu kuwa tsakanin 6 da 9 take. Aikin da aka ba ni a wata masana'anta a Challawa, Kano, shi ne in sa na'urar PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injuna, ta riƙa zuba asid da kanta har pH ɗin ruwan ya sauko. Kafin nan sai an busa wa ruwan iska an kashe salfaid ɗin, domin idan asid ya same shi da rai, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai za ta tashi, kuma tana kisa.

Na tarar da PID, wato lissafin da PLC ke bi wajen buɗe bawul ɗin asid gwargwadon nisan pH daga inda ake so, mai ƙarfin martani guda ɗaya tak. Idan aka ɗaga shi, bawul ya yi ta buɗewa da rufewa, pH na lilo sama da ƙasa. Idan aka rage, sai ruwa ya daɗe a 11 ya ƙi motsi. Dalilin a fili yake: kowane mataki ɗaya na pH ninki goma ne, saboda haka asid ɗin da ba ya taɓuka komai a 12 yana iya faɗo da ruwan warwas a ƙasa da haka. Maganin shi ne jadawali, kowane zango na pH da nasa ƙarfin.

Ban zauna na ƙirƙiro lambobi ba. Na ɗebi ruwan tankin na kai ɗakin gwaji, muka riƙa ɗiga asid kaɗan-kaɗan muna rubuta pH, har muka zana layin saukarsa. Littafi ya saba nuna gangaren a 7, amma namu ya fi tsanani wajen 8.3 saboda sinadarin kabonet da ke cikin ruwan, sannan ya lafa kusa da 6.4. Wannan zanen shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Inda layin ya kwanta na ba da ƙarfi sosai, inda ya yi gangare na rage shi ƙwarai.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne mahaɗar zanguna. Idan ƙarfi ya yi tsalle daga wannan lamba zuwa waccan, bawul ma tsalle zai yi, don haka na sa PLC ya riƙa lissafa tsaka-tsaki a hankali, na kuma yi amfani da tsarin PID mai lissafa canjin buɗewar bawul maimakon matsayinsa. Siginar lantarki ta 4 zuwa 20 mA da ke zuwa daga ma'aunin pH na tankin tana rawa, sai na tace ta kafin ta shiga jadawalin.

Malam mai kula da tankin ya ce mini, "Injiniya, ai laim ne ke toshe bakin ma'aunin nan." Gaskiyarsa. Ma'aunin da ya yi datti yana jinkirin amsawa, kuma jadawali ya dogara ne kacokan a kan abin da ma'auni ya faɗa. Muka tsara wanke shi a kai a kai da gwada shi da ruwan gwaji na pH 7 da 10. Na kuma bar musu umarni a rubuce cewa duk ranar da aka canja sinadaran jima, a sake ɗebo ruwa a zana sabon layi kafin a taɓa ko lamba ɗaya.