Buga gem ɗin Windows a kan Linux: abin da ya yi min aiki a Jos da abin da ya ƙi

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu tsofaffin kwamfutoci suka shiga tsaka mai wuya. Windows 11 tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama, alhali da yawa daga cikin laftof na hannu da ake sayarwa a shagunan Ahmadu Bello Way da wajejen Taminus ba su kai nan ba. Tawa tana cikinsu: Core i5-7300HQ, katin hoto GTX 1050, RAM gigabait 8 da na ƙara zuwa 16. Na ɗora mata Linux Mint 22, wadda aka gina a kan Ubuntu 24.04, kuma a kanta nake buga gem ɗina yanzu. Abin da na tabbatar shi ne, in gem ya ƙi tashi, ba kasafai laifin yake zama na Proton ba, wato manhajar da ke kunna gem ɗin Windows a Linux. Ko dai matsalar tana ƙasa da shi, wato direban katin hoto (manhajar da ke sarrafa katin) da faifan ajiya, ko kuma kamfanin gem ɗin ne ya rufe ƙofa da gangan. Duka biyun ana iya gano su kafin a ƙona data.

Wine, wanda aka fara tun 1993, ba Windows yake kunnawa a ɓoye ba. Tafinta ne: gem ya nemi abu da yaren Windows, shi kuma ya juya buƙatar zuwa yaren da Linux ke ji, nan take. A watan Agustan 2018 kamfanin Valve, tare da CodeWeavers, ya fito da Proton, wato Wine da aka haɗa masa kayan aikin gem aka saka cikin Steam, manhajar Valve ta saye da buga gem. Biyu daga cikin kayan nan su ne ƙashin bayan komai. DXVK yana juya DirectX 9, 10 da 11, yaren zana hoto na Windows, zuwa Vulkan, wanda katin hoto ke ji a Linux, VKD3D-Proton kuma yana juya DirectX 12. Ke nan kusan duk abin da za ka gani a sikirin ta Vulkan yake bi. In Vulkan bai zauna daidai a na'urarka ba, canza Proton sau goma ba zai amfana maka komai ba.

Amma tun kafin a kai ga direba, a fara da tambayar da ta fi ɓata wa mutane rai: gem ɗin da kake so yana cikin waɗanda aka toshe? Manhajojin hana maguɗi da ke shiga can cikin zuciyar Windows ba sa aiki ta Wine. Valorant, Fortnite, PUBG da sababbin Call of Duty duk ba sa yi. Abin da ya fi shafarmu a nan shi ne ƙwallo: daga FIFA 23 zuwa jerin EA FC, kamfanin ya saka irin wannan manhaja, don haka ba sa tashi a Linux. Mai gidan gem da kasuwarsa ta dogara da su, kar ma ya taɓa Windows ɗinsa. Manhajojin hana maguɗi na Easy Anti-Cheat da BattlEye sun yarda da Proton tun 2021, sai dai sai mai gem ya kunna ta ɓangarensa, kuma yana iya kashewa: Apex Legends ya rufe wa Linux ƙofa a ƙarshen 2024, GTA Online ma ya daina yi a Satumbar shekarar, ko da yake labarin GTA V na mutum ɗaya yana tafiya lafiya in ka kashe BattlEye a saitin Rockstar. Saboda haka nake duba kowane gem a shafin ProtonDB da waya kafin in sauke ko megabait ɗaya. Ba matakin da aka ba shi kaɗai nake kallo ba, Platinum ne ko Gold ko Borked. Rahotannin baya-bayan nan nake karantawa, musamman na masu katin hoto irin nawa.

Sai direba. Masu katin AMD ko Intel hankalinsu kwance, direbansu yana cikin Mesa, yana zuwa tare da tsarin. Masu NVIDIA sai sun buɗe Driver Manager sun ɗora na kamfanin, don nouveau da yake zuwa da farko ba ya jan gem. Abu biyu ke kayar da mutane a nan. Na farko, katunan GTX 900 da GTX 10 ba sa aiki da direban da aka rubuta wa "open" a ƙarshen sunansa, wannan na GTX 16 da RTX ne zuwa sama. Na biyu, in Secure Boot yana kunne, za a ce ka zaɓi kalmar sirri lokacin ɗora direban, in ka sake kunna kwamfutar kuma wani shuɗin shafi zai fito yana neman ka yi Enroll MOK. Wanda ya tsallake shafin nan, direbansa yana nan a ɗore amma ba zai tashi ba, gem ya koma kan ƙaramin katin Intel yana jan ƙafa. Hanyar tabbatarwa ita ce ka ɗora vulkan-tools, ka rubuta `vulkaninfo --summary` a taminal. Ka nemi sunan katinka, ka duba lambar apiVersion. Tsofaffin gem masu bit 32 kuma suna buƙatar nasu kason direban, a Mesa sunansa `mesa-vulkan-drivers:i386`. Rashinsa ne ke sa sabon gem ya tashi, na 2008 ya ƙi.

Lambar apiVersion ɗin nan tana da muhimmanci ga masu tsofaffin na'urori. Daga Proton 8 zuwa sama, DXVK yana neman Vulkan 1.3. Katunan NVIDIA irin GTX 660 da GTX 760 sun tsaya a direba 470, wanda bai wuce Vulkan 1.2 ba, Intel na ƙarni na 3 da na 4 kuma Vulkan ɗinsu bai cika ba. Alamar ita ce ka danna Play, maɓallin ya koma shuɗi, bayan daƙiƙa kaɗan ya dawo kore, babu wani saƙo. Na ga haka a laftof ɗin ƙanena mai Intel HD 4400. Magani biyu ne: ka tilasta wa gem ɗin Proton 7.0 ta Properties, sashen Compatibility, ko ka rubuta `PROTON_USE_WINED3D=1 %command%` a Launch Options, abin da zai sa ya bi ta OpenGL. Ta biyun ta fi nauyi, amma ga gem na zamanin DirectX 9 ta wadatar.

Faifan ajiya shi ne wurin da na fi ganin ana shan wahala ba dalili. Mutum yana da gem ɗinsa a ɓangaren Windows mai tsarin NTFS, sai ya nuna wa Steam na Linux foldar don gudun sake saukewa. Tunanin yana da kyau, aikin ne ba ya ɗorewa. Proton yana ƙirƙirar mahaɗai masu sunaye irin `c:` da `z:`, Windows kuwa ba ta yarda da ɗigo biyu a sunan fayil ba. Ƙari a kan haka, Fast Startup na Windows ba ya rufe faifan gaba ɗaya in an kashe kwamfuta, sai Linux ya buɗe shi a yanayin karatu kawai, gem ya kasa rubuta komai. Akwai dabarun kewaye wannan, amma ban ga sun kai wahalarsu ba. Ka ware wa gem ɓangare mai tsarin Linux na ext4, in da hali a SSD, ka kwafe su can.

Kwafewar ba ta buƙatar data. Kowane gem na Steam abu biyu ne: foldarsa a cikin `steamapps/common`, da ɗan fayil mai suna appmanifest da lambar gem ɗin a jikinsa, a cikin `steamapps`. Na The Witcher 3 shi ne `appmanifest_292030.acf`, na tsohon GTA V kuma `appmanifest_271590.acf`. Ka rufe Steam, ka kwafe duka biyun zuwa sabon wurin, ka buɗe, ka danna Verify integrity of game files. Abin da ya ɓace kaɗai zai sauke. Haka ma in abokinka a Anguwan Rogo ko Rikkos ya riga ya sauke gem ɗin da kai ma ka saya, faifai na waje ya isa ya raba ka da sauke gigabait sama da 90. Fayilolin iri ɗaya ne ko daga Windows suka fito, muddin gem ɗin ba shi da nau'in Linux na daban.

Akwai wuraren da data ke zurarewa ba ka sani ba. Kowane Proton da ka zaɓa saukewa ce ta daban, yana cin sama da gigabait ɗaya a faifai, ga kuma Steam Linux Runtime da yake tafiya da shi. Proton Experimental yana sabuntawa a kai a kai, don haka na bar shi, na tsaya a kan Proton 9 ga kusan komai. Na biyu shi ne Shader Pre-Caching a sashen Downloads. Amfaninsa shi ne hana hoto tsattsayawa a farkon wasa, amma yana iya sauko da ɗaruruwan megabait ga gem ɗaya, ya kuma maimaita duk lokacin da direba ya canza. Sababbin direbobi, daga Mesa 23.1 da NVIDIA 520 zuwa sama, sun rage wannan tsattsayawar sosai, saboda haka na kashe shi. Sai dai kashewar tana da farashi: ta wannan hanyar ce Valve ke aiko da bidiyon cikin wasu gem da ta sauya wa tsari, in babu su sai ka ga layukan launi irin na talabijin da ta rufe tasha a maimakon bidiyon. Maganinsa GE-Proton, wanda ke ɗauke da abin karanta bidiyon a jikinsa. Ana ɗora shi da ProtonUp-Qt, a sake kunna Steam, a zaɓe shi ga gem ɗin da ke da matsalar kaɗai.

In gem ya ƙi duk da haka, kar a yi ta canje-canje a makance. Rubuta `PROTON_LOG=1 %command%` a Launch Options zai ajiye fayil mai suna steam da lambar gem ɗin a foldarka ta gida. Ka buɗe, ka gangara ƙasa, ka nemi layukan da suka fara da err. Yawancin layukan fixme surutu ne kawai. In ya ambaci wani dll, wato ɗan fayil na Windows, da ya ɓace, protontricks zai ɗora shi, misali vcrun2019 ko d3dx9. Kowane gem yana da tasa ƙaramar Windows ta ƙarya a `steamapps/compatdata`, cikin folda mai lambarsa, kuma goge foldar nan yakan gyara gem ɗin da ya rikice bayan an yi ta sauya masa Proton. Amma a kula sosai: wasan da ka adana yana ciki, a `pfx/drive_c/users/steamuser`, ƙarƙashin Documents ko AppData. In gem ɗin ba ya amfani da Steam Cloud, ka kwafe wannan waje tukuna. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ko ya gyaru ba za ka san me ya gyara shi ba.

Ta fannin gudu, gem na DirectX 11 a GTX 1050 ɗina ban ga bambancin da ido zai kama tsakaninsa da Windows ba. DirectX 12 kuwa labari ne daban, katunan GTX 10 suna faɗuwa sosai ta VKD3D-Proton saboda yadda aka ƙera su. Duk gem ɗin da ya ba da zaɓi, kamar The Witcher 3, DX11 nake ɗauka. MangoHud yana nuna zafi da gudu a kusurwar sikirin, kuma da shi nake ƙayyade gudun: `MANGOHUD_CONFIG=fps_limit=30 mangohud %command%`. Talatin da ba ya motsi ya fi daɗin bugawa a kan hamsin mai hawa da sauka, fanka ma ta huta. Sanyin Jos yana taimakawa, amma ƙurar hunturu tana toshe ragar fanka, kuma da zafin furosesa ya haura digiri 90 sai ta rage gudu da kanta. Mutum ya ɗauka Linux ne, alhali buɗe bayan laftof, share ƙura da sabon man sanyaya furosesa ne maganin. Haka in an ɗauke wuta ta koma kan batir, katin hoto yana rage ƙarfi nan take, wannan ko a Windows haka yake.

Gem da ba na Steam ba suna da tasu hanyar. Heroic yana kula da na Epic da GOG, Lutris kuma da tsofaffin da kake da fayil ɗin ɗora su. Epic yana raba gem kyauta kowane mako, na GOG kuma ba sa neman intanet bayan an ɗora. Gargaɗi ɗaya nake yi da babbar murya ga masu karɓar gem a filash daga hannu zuwa hannu: Wine yana kunna ƙwayar cutar Windows kamar yadda yake kunna gem, kuma ta `z:` tana ganin duk fayilolinka na Linux, har hotuna da takardu.

Hannun gem bai ba ni wahala ba. Na PS4 da na Xbox da waya suna aiki da an soka su, in dai fakitin steam-devices yana nan. Masu arha ɗin nan na tagwaye su ma ana ganinsu, sai dai maɓallansu sukan zo a hargitse, a daidaita su sau ɗaya a saitin Controller na Steam.

Abin da ya fi haɗari a wajenmu shi ne wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta kanel, wato zuciyar Linux, ko direban NVIDIA, don a lokacin ne ake sake gina direban ya dace da sabon kanel, in ya katse sai baƙin sikirin. Ba na sabuntawa sai batir a cike, kuma sai na ajiye kwafin tsarin da manhajar Timeshift tukuna. In ta riga ta faru, ka riƙe Shift ko ka danna Esc lokacin da kwamfutar ke tashi, ka shiga Advanced options, ka zaɓi tsohon kanel. Da ta buɗe, `sudo dpkg --configure -a` zai ƙarasa aikin da ya katse, sannan ka sake kunnawa.