Darussa daga dandalin wasan faɗakarwa na matasa a Jos

Kuskuren da ya fi yawa a wasannin faɗakarwa na bukukuwan matasa shi ne a bai wa ɗan ƙwaya fitowar da ta fi kowace ban dariya. Sai a ɗauko yaron da ya fi iya barkwanci a ƙungiya, ya shigo yana tangaɗi, yana jan magana, ga kwalbar maganin tari a aljihun baya. Fili ya kaure da shewa. Washegari tafiyarsa da maganarsa yaran unguwa za su riƙa kwaikwaya a hanyar makaranta, nasihar da aka rufe wasan da ita kuwa ta bi iska. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma tiramol da sholisho suna nan, don haka wannan ganganci ne babba.

Gyaran shi ne a ɗora nauyin labarin a kan waɗanda abin ya ci. Uwa ta ɗaga katifa ta tarar babu kuɗin adashe, ƙanwa an koro ta daga makaranta. Shi yaron ya fara fitowa da hankalinsa, mai ladabi, yana durƙusawa ya gaida manya, domin iyayen da ke kallo su ga nasu ɗan a jikinsa. Barkwancin a bar wa mai shayi.

Labarin ma daga unguwa ake samo shi. Wannan ita ce hanyar da aka ɗauka a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun shekarun 1970: 'yan wasa su yi kwana biyu ko uku suna zama a majalisa, da teburin mai shayi, da wurin ɗibar ruwa, suna saurare. Kafin nan a je a gaida mai unguwa da limami da fasto. A Jos kuma, bayan rikice-rikicen da garin ya gani tun 2001, sunan da za a ba ɗan wasa ba abin wasa ba ne. In mugun cikin wasa ya ɗauki sunan wata ƙabila ko addini, rabin 'yan kallo sun daina jin saƙon. A ba shi laƙabi, Dogo ko Gajere, shi ke nan.

Wasan kada ya wuce minti 20, fitowa uku, 'yan wasa shida zuwa takwas. Waƙa ita ke tara jama'a, ita ke cike tsakanin fitowa da fitowa. Amshinta ya zama layi ɗaya da yaro zai riƙe daga ji biyu. Kiɗa kada ya danne murya. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa ƙasa duka nasiha, kuma ana jin kowace kalma.

Sauti ne ke kashe yawancin wasannin fili. Lasifika a ajiye ta gaban 'yan wasa tana fuskantar jama'a, in ta koma bayansu makirufo zai yi ta kuwwa. A sa wa makirufo soso saboda iskar hunturu, a sa sabon batir, a riƙe wani a aljihu. Janareta a kai shi nesa, kamar mita 25, bayan katanga in da hali, a cika masa mai tun kafin a fara. A damina ruwan Jos kan zo da rana, wani lokaci har da ƙanƙara, a hunturu kuma rana na faɗuwa sanyi zai kori mutane. A fara da an idar da La'asar, a tashi kafin Magariba. Jawabin manyan baƙi a kai shi ƙarshe, in ba haka ba zai cinye lokacin.

Kada a warware rikicin a kan dandali. A tsayar da wasan daidai inda uba ya ɗaga hannu zai kori ɗansa, sai mai jagora ya nufi jama'a da makirufo: "Baba, da ɗanka ne, yaya za ka yi?" "Mama, ke fa, kin yarda a kore shi?" Wanda ya kawo shawara a gayyato shi ya shiga matsayin uban ya gwada, 'yan wasa kuma kada su sauƙaƙa masa. Tattaunawar tana bukatar wasu minti 20. A ware makirufo ɗaya na ɓangaren mata, don ba za su ratso maza su karɓa ba. In wani ya fara ambaton sunan ɗan maƙwabcinsa, mai jagora ya katse shi cikin ladabi, ya mayar da maganar kan yaron cikin wasa.

A gefe can, nesa da idon taro, a ajiye tebur da ma'aikacin jinya ko mai ba da shawara cikin kayan gida, a kuma faɗi inda yake sau biyu kafin a watse. Kaki yana korar wanda ya fi bukatar zuwa.